Inda lambar siga take kwana: maimaici a fayilolin gina manhaja mai sassa da yawa

A mako na biyu na Disambar 2021 aka bayyana wani rami, wato kafar da mai kutse zai iya bi, a cikin Log4j, laburaren Java (kod shiryayye da wasu suka rubuta don a riƙa ɗauka) da dubban manhajoji ke amfani da shi wajen rubuta bayanan abin da suke yi yayin aiki. An yi wa ramin lamba CVE-2021-44228, aka laƙaba masa suna Log4Shell, kuma ya samu maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Mai kutse ba ya buƙatar komai face ya tura wani gajeren rubutu, ko da a gurbin sunan mai shiga ne. Da zarar manhaja ta rubuta shi a kundinta, sai sabar ta je waje ta ɗauko umarnin baƙo ta aiwatar. Gidauniyar Apache, mai kula da Log4j, ta fitar da gyara a siga (wato lambar fitowa) ta 2.15.0. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: aka gano gyaran bai cika ba, aka fitar da 2.16.0, sannan 2.17.0, sannan 2.17.1, duk kafin watan ya ƙare.

Tambayar da ta tsaya wa kowace tawagar injiniyoyi a wuya a wannan makon ba ta zurfin ilimi ba ce. A ina muka rubuta lambar sigar nan? Wanda ya rubuta ta a wuri ɗaya ya sauya layi ɗaya sau huɗu. Wanda aikinsa ke da sassa arba'in, kowane da fayil ɗinsa, ya kwana yana lalube, kuma ko da ya gama ba shi da tabbacin bai tsallake ɗaya ba.

Kafin a je ga magani, a fahimci yadda ciwon yake kamuwa. Manhaja ba ta tashi daga rubutun injiniya ta faɗa cikin waya kai tsaye. Sai an harhaɗa kod ɗin, an ɗauko laburarorin da ya dogara da su daga intanet, an gudanar da gwaje-gwaje, an ƙulle komai a fayil guda. Wannan aikin ake kira gini, kuma akwai kayan aikin da ke yinsa: a duniyar Java, Ant ya fito a 2000, Maven ya kai siga ta 1.0 a 2004, Gradle kuma a 2012. Tun da Google ta ɗora Android Studio a kan Gradle a 2013, duk mai haɗa manhajar Android ya zama mai mu'amala da shi, ya so ko ya ƙi. Kowane daga cikinsu yana karanta fayil ɗin da ke gaya masa yadda zai yi ginin: pom.xml a Maven, build.gradle ko build.gradle.kts a Gradle.

Idan aiki ya girma, ana raba shi sassa. A ɗauki manhajar kasuwa: sashen shiga, sashen jerin kaya, sashen biyan kuɗi, sashen sanarwa, da sassan tushe da kowa ke amfani da su. Rabon yana da amfani na gaske. Idan ka taɓa sashen sanarwa, ba sai an sake harhaɗa sashen biya ba, kuma ana iya gina sassan da ba su dogara da juna ba a lokaci guda. Sai dai kowane sashe yana zuwa da fayil ɗin gininsa. Kuma babu wanda ke rubuta wannan fayil daga farko. Ana buɗe na maƙwabci ne, a kwafa, a liƙa, a sauya suna. A ranar da aka kwafa, fayilolin biyu iri ɗaya ne. Bayan wata shida wani ya ɗaga sigar wani laburare a ɗaya don ya warware matsalar da ke gabansa, wani ya kunna wani zaɓin mai harhaɗawa a uku daga cikin goma, wani ya kashe gwaji a ɗaya da niyyar mayar da shi gobe. Kamar ɗan kasuwa ne mai shaguna goma da ya manna takardar farashi a kowane: ranar da farashi ya tashi, shago ɗaya zai ci gaba da sayarwa a tsohon kuɗi, kuma ba za a gane ba sai ranar lissafi.

Abin da nake so a riƙe shi ne, yawan layuka ba shi ne illar ba. Layi ɗari da aka maimaita ba ya cin komai a faifai. Illar ita ce shawara ɗaya ta samu masauki da yawa. "Wace sigar Java muke amfani da ita" shawara ɗaya ce ta dukan aikin. Idan ta zauna a wurare talatin, to a zahiri shawarwari talatin ne da suka dace da juna bisa sa'a, kuma sa'ar ba ta ɗorewa. Amma akwai layukan da suka yi kama da juna alhali shawarwari ne mabambanta, kuma wanda ya kasa bambance waɗannan biyun shi ke ɓata aikin da sunan gyara. Zan dawo kan wannan.

Maven ya zo da amsarsa tun da wuri, kuma amsa ce ta gado. Ana rubuta pom guda na uwa, kowane sashe ya ayyana cewa shi ɗanta ne, ya gaji abin da ke ciki. Hikimar tana cikin ɓangaren dependencyManagement: uwa tana faɗin siga, amma ba ta tilasta wa ɗa ya ɗauki laburaren. Sashen da ke buƙatarsa ya ambaci sunansa kawai ba tare da lamba ba. Haka pluginManagement yake yi wa fulogin, wato ƙarin kayan aiki da ake jona wa mai ginin. Daga baya aka samu hanyar shigo da jerin sigogi daga waje, abin da ake kira BOM. Spring Boot, wani sanannen tsarin haɗa manhajojin Java, ya yi fice da wannan: yana ba ka jerin sigogin ɗaruruwan laburarori da aka gwada tare. Lokacin Log4Shell, mai amfani da uwar pom ta Spring Boot zai iya sauya ƙimar log4j2.version a wuri ɗaya ya huta. Raunin tsarin shi ne sashe ba ya da uwa biyu. Idan wasu sassa na buƙatar tsarin harshen Kotlin, wasu na buƙatar tsarin wallafawa, wasu na buƙatar duka biyun, sai ka ga an jera uwa a kan uwa, ko a cusa komai cikin uwa ɗaya mai layi dubu da kowa ke tsoron taɓawa.

Gradle ya bambanta domin fayil ɗinsa ba bayani ba ne kawai, shiri ne da ake gudanarwa, a harshen Groovy ko Kotlin. Wannan 'yanci ne, kuma a nan tarkon yake. Hanya mafi sauƙi, wadda tsofaffin ayyuka suka cika da ita, ita ce a je fayil ɗin tushe a rubuta allprojects ko subprojects, a zuba tsarin kowa a ciki. A farko abin sha'awa ne, fayilolin sassa su koma layi biyar-biyar. Sai ranar da aka ƙara sashen da ba na Android ba, zallar Kotlin ne. Tsarin bai dace da shi ba, don haka a saka sharaɗi:

subprojects {
    if (name.startsWith("fasali")) {
        apply(plugin = "com.android.library")
    }
    if (name != "gwaji-kayan-aiki") {
        apply(plugin = "jacoco")
    }
}

A duba abin da ya faru a nan. Sabon ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin sashen biya, bai ga komai game da Android ba, amma sashen yana ginuwa a matsayin laburaren Android. Daga ina? Daga wani fayil can sama da ke duba harrufan farkon sunansa. Idan wani ya sauya wa sashen suna, halinsa ya sauya ba tare da an taɓa tsarinsa ba. Maimaicin ya tafi, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi muni, domin maimaici aƙalla ana ganinsa da ido. Kuma sharuɗɗan ba sa tsayawa a biyu. Kowane sabon sashe mai ɗan bambanci yana ƙara nasa.

Akwai kuma illa ta inji. Gradle yana aiki a matakai uku: ya gano sassan da ke akwai, ya karanta tsarin kowane, sannan ya aiwatar da ayyukan da aka nema. Idan fayil ɗin tushe yana miƙa hannu cikin kowane sashe yana sauya shi, sassan sun ɗaure da juna ke nan, kuma Gradle ba zai iya ɗaukar kowane a matsayin mai zaman kansa ba. Duk ƙoƙarin da masu Gradle ke yi a 'yan shekarun nan na hanzarta mataki na biyu, daga ma'ajiyar tsari, mai adana sakamakon wannan matakin don kada a maimaita shi, da ta zama tabbatacciya a siga ta 8.1 a 2023 zuwa shirin ware sassa da ake kira Isolated Projects, ya fi tafiya daidai idan kowane sashe ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa takardun Gradle da kansu suke hana wannan salon yanzu. Ga wanda ke aiki da kwamfutar cinya mai ƙaramin ƙarfi, kamar yadda yawancin matasan da ke koyon wannan sana'a a wajenmu suke, wannan ba zancen ado ba ne. Jiran da ake yi kafin a ga sakamakon gyara ɗaya shi ne ke cinye yini.

Hanyar da ta fi dacewa ta juya alƙiblar. Maimakon tushe ya tura tsari cikin sassa, sai kowane sashe ya jawo wanda yake so da sunansa. Ana rubuta ƙananan fulogin na cikin gida, kowane ɗauke da al'adar aikin a kan wani nau'in sashe: ɗaya na laburaren Android, ɗaya na zallar Kotlin, ɗaya na gwaji, ɗaya na wallafawa. A cikin na Android ake ajiye compileSdk da minSdk (sigar Android da ake harhaɗawa da ita da mafi ƙanƙantar da manhajar za ta yi aiki a kai) da sigar Java da zaɓuɓɓukan mai harhaɗawa. Sai fayil ɗin sashen biya ya koma kamar haka:

plugins {
    id("kasuwa.android.laburare")
    id("kasuwa.gwaji")
}
android {
    namespace = "ng.kasuwa.biya"
}
dependencies {
    implementation(project(":tushe:bayanai"))
    implementation(libs.okhttp)
}

Mai karatu ya san komai daga layuka goma sha ɗaya: wane irin sashe ne, da wa ya dogara, kuma idan yana son sanin me "kasuwa.gwaji" ke yi, akwai suna da zai bi ya same shi. Matsalar uwa ɗaya ta Maven ma ba ta taso ba, domin sashe zai iya ɗaukar fulogin biyu ko huɗu. Manhajar misali ta Google mai suna Now in Android, wadda aka buɗe kod ɗinta a 2022, ta bi wannan tsari a cikin folda mai suna build-logic, kuma daga can mutane da yawa suka koya. Amfaninsa yana fitowa fili duk shekara, domin Google Play yana ɗaga matakin API, wato sigar Android, da dole sabuwar manhaja ko sabuntawa ta nufa: 33 daga ƙarshen Agustan 2023, 34 a 2024, 35 a 2025. Duk lokacin da wa'adin ya zo, compileSdk na sassa yakan bi sahu. Ko dai a sauya lamba ɗaya, ko a bi fayiloli talatin.

A ina za a ajiye waɗannan fulogin? Gradle yana da wuri na musamman, buildSrc, wanda yake ganewa da kansa ba tare da an gaya masa ba. Shekaru da dama al'adar masu Android ita ce su rubuta wani fayil na Kotlin a can mai ɗauke da duk lambobin siga. Ya magance maimaici, amma da tsada: buildSrc yana shiga hanyar kowane fayil ɗin gini, don haka sauya lamba ɗaya a ciki yakan sa Gradle ya ɗauki dukan aikin a matsayin wanda ya tsufa, ya sake komai. Ƙari a kan haka, kayan aikin da ke duba ko an fitar da sabuwar siga suna shan wahalar karanta lambobin da aka binne a cikin kod. Hanya ta biyu ita ce a ware fulogin ɗin a matsayin gini mai zaman kansa a shigo da shi da includeBuild, damar da ta zo tun Gradle 3.1 a 2016. Kada dai a ɗauka sihiri ne. Idan duk fulogin suna cikin ƙunshi ɗaya, taɓa ɗaya zai shafi duk sassan da ke amfani da ƙunshin. Ribar tana zuwa ne idan an fitar da abin da ke yawan sauyawa, wato lambobin siga, daga cikin kod gaba ɗaya.

Wannan shi ne aikin kundin sigogi, fayil ɗin gradle/libs.versions.toml, wanda ya fara bayyana a Gradle 7.0 a 2021 ya tabbata a 7.4 a 2022. Rubutu ne zalla, ba shiri ba: ɓangaren sigogi, na laburarori, na ƙunshe-ƙunshe, na fulogin. Gradle yana samar da sunaye irin libs.okhttp daga ciki, kuma Dependabot da Renovate, kayan aikin da ke duba sababbin sigogi, suna iya karanta shi su kawo shawarar ɗaga siga. Akwai ɗan tuntuɓe da kusan kowa ke yi a nan: a cikin fulogin na gida da aka rubuta a matsayin fayil ɗin .gradle.kts, wannan gajeren suna na libs ba ya samuwa kai tsaye, sai an nemo kundin ta VersionCatalogsExtension. Ba babban abu ba ne, amma yana cinye wa mutum la'asar guda idan bai sani ba.

Ga gargaɗin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. Kundin sigogi yana faɗin abin da ka nema ne, ba abin da za ka samu ba. Laburaren da ka ɗauko yana jawo nasa laburarorin, su ma su jawo nasu. Idan biyu suka nemi siga daban ta abu ɗaya, Gradle yana zaɓar mafi girma, Maven kuma yana zaɓar wanda ya fi kusa da tushen bishiyar dogaron, wato aikinka. Wato za ka iya rubuta lamba a kundinka, wata daban ta shiga manhajar. Mafi muni, laburaren da ba ka taɓa ambata ba zai iya kasancewa a ciki. Binciken da Google ta wallafa a Disambar 2021 ya nuna fiye da ƙunshi 17,000 a Maven Central, babban rumbun laburarorin Java, kusan kashi 4 cikin 100 na rumbun, sun dogara da log4j-core mai ramin, kuma mafi yawansu ba kai tsaye ba, ta hannun wani ne. Tawagar da ta duba kundinta ba ta ga Log4j ba ta kwanta, ta yi kuskure. Abin da ke tilasta siga a ko'ina cikin bishiyar shi ne dependencyManagement a Maven, ko constraints da platform a Gradle. Kundi yana tsara sunaye, platform yana kafa doka, kuma babban aiki yana buƙatar duka biyun.

Rumbunan da ake ɗauko laburarori su ma shawara ɗaya ce. Da JFrog ta sanar a Fabrairun 2021 cewa za ta rufe rumbunta na JCenter, ayyuka da yawa sun tarar da jcenter() a warwatse cikin fayiloli. Tun Gradle 6.8 ana iya ayyana rumbuna sau ɗaya a fayil ɗin settings, har ma a sa gini ya faɗi idan wani sashe ya ƙara nasa a ɓoye. Wannan gyara ne na minti goma, ban ga dalilin jinkirta shi ba.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu zafin kawar da maimaici. Idan sassa goma sha biyu duk sun rubuta implementation(libs.okhttp), wato sun ɗauko laburaren magana da intanet, hannu yana ƙaiƙayi a kwashe layin a kai cikin fulogin. Ina ganin kuskure ne a yawancin lokuta. Cewa sashen biya yana magana da intanet gaskiya ce game da sashen biya. Cewa sashen sanarwa ma yana yi gaskiya ce game da sashen sanarwa. Sun yi kama yau, amma kowace tana iya sauyawa ba tare da ɗayar ba. Idan aka ɓoye su a fulogin, sashe na goma sha uku da ba ya buƙatar intanet zai gaji laburaren, kuma ranar da aka so cire shi babu mai iya cewa su wa ke amfani da shi da gaske. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: idan wannan layin ya sauya a sashe ɗaya, dole ne ya sauya a sauran? Idan dole ne, kamar sigar Java, a kai shi wuri ɗaya. Idan ba dole ba ne, a bar shi inda yake ko sau nawa ya bayyana. Shi namespace, wanda fulogin Android na Gradle ya wajabta rubutawa a fayil ɗin gini daga siga ta 8.0, wasu na ƙirƙiro shi da dabara daga sunan folda don su tsira daga layi ɗaya. Layi ɗaya ne, kuma shi ne sunan sashen. A rubuta shi.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Bazel, wani kayan aikin gini da Google ta buɗe a 2015 daga kayan aikinta na cikin gida mai suna Blaze, an yi shi ne don ayyuka masu dubban sassa, kuma yana da hanyar rubuta makro, wato tsari guda da fayiloli da yawa za su kira da suna, a harshen Starlark. Duk da haka jagoran salon rubuta fayilolin gininsa, wato BUILD, ya fito fili ya fifita fayil mai bayyana kansa a kan wanda aka matse don gudun maimaici, har ya hana tara jerin abubuwan dogaro a ƙarƙashin suna guda ana rabawa. Dalilinsu na aiki ne: mutane da injuna duka suna karanta waɗannan fayiloli suna gyara su, kuma inji ba zai iya cire abin dogaron da ba a amfani da shi daga sashe ɗaya ba idan jerin na tarayya ne. Idan masu sassa dubbai sun yarda da wani maimaicin, mai sassa ashirin ba shi da hujjar jin kunyarsa.

Haka nan fulogin na gida kod ne, yana buƙatar harhaɗawa, yana iya samun kwaro, kuma yana buƙatar mai kula. Aiki mai sassa uku ba ya buƙatar build-logic. Kundin sigogi ya ishe shi. Kuma fulogin da ya fara karɓar zaɓuɓɓuka, a kunna wannan a kashe wancan, ya kama hanyar komawa wancan subprojects mai sharuɗɗa, sai dai a sabon masauki. Idan sassa biyu sun bambanta ƙwarai, a yi musu fulogin biyu.

Ga wanda ya gaji tsohon aiki yana son gyarawa, tsarin da za a bi yana da tasiri. A fara da sigogi, domin su ne mafi sauƙi kuma mafi haɗari idan an bar su. Kafin a taɓa komai, a gudanar da umarnin dependencies na Gradle, ko dependency:tree na Maven, a kan kowane sashe, a adana sakamakon. Bayan an kwashe lambobin zuwa kundi, a sake gudanarwa a kwatanta. Duk bambancin da ya fito wuri ne da sassan suka riga suka saɓa wa juna ba a sani ba, kuma kowane yana buƙatar mutum ya zauna ya yanke hukunci: wannan sashen an bar shi a tsohuwar siga ne da gangan, ko mantuwa ce? Tarihin Git, ma'ajiyar sauye-sauyen kod, yakan ba da amsa, wani lokacin kuma sai an tambayi wanda ya rubuta. Idan da gangan ne, a bar shi a fayil ɗin sashen tare da layin bayani da ke faɗin dalili. Bayan haka a ɗauki nau'in sashe ɗaya, a rubuta masa fulogin, a mayar da sassa biyu ko uku, a bari su yi mako guda ana aiki da su kafin a ci gaba. Kada a haɗa wannan ƙaura da ɗaga sigar Gradle ko ta Kotlin a sauyi ɗaya, domin idan gini ya karye ba za a san wanne ya karya shi ba. Toshen subprojects na tushe shi ake gogewa a ƙarshe, bayan sashe na ƙarshe ya daina dogaro da shi.